Masu hawan dutse, ku dubi inda kuke taka ƙafa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'ya'yanmu matasa da suka mayar da hawan dutse da tattaki a daji abin yinsu na ƙarshen mako. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne. A asibitocin gwamnati na kudancin jihar Gombe na yi aikina har na ajiye, kuma mafi yawan wannan aiki a bakin gadon waɗanda maciji ya sara na yi shi.

Ba hana su na zo yi ba. Allah ya yi wa ƙasar nan abin gani: ga Kufena a Zariya, ga duwatsun Shere a Jos, ga Bima da Tula da Kilang a nan wajenmu, ga Chappal Waddi can cikin gandun Gashaka Gumti a Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya, mita 2,419. Yaron da zai tashi bayan asuba ya tafi ya hau dutse ya fi min wanda zai wuni a majalisa yana danna waya. 'Yar ƙanena tana cikin irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma ita ce ke nuna min hotunansu. To sai dai in an miƙo hoton, kowa fuskoki yake kallo, ni kuwa ƙafafu nake dubawa. Wannan da silifas, wancan da gajeren wando, idon sawu a waje. Ga wani ya cusa hannu cikin tsagar dutse yana jan jikinsa sama. Ga wata ta zauna daram a kan tarin duwatsu, ciyawa ta rufe mata ƙafa. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Na tambaye ta, me kuke tsoro in kun fita? Ta ce, "Baffa, kura da zaki, sai masu garkuwa da mutane." Na ƙarshen gaskiya ne, kuma magana ce mai zaman kanta da ta fi ƙarfin wannan wasiƙa. Amma zaki, 'yan ƙalilan ne suka rage a duk faɗin Najeriya, a Yankari da gandun Kainji. Kura kuwa in ta ji hayaniyar mutum ashirin da rana tsaka, ita ce za ta fara neman hanya. Abin da ke cika mana gadaje bai kai tsawon kamu biyu ba. Kububuwa ce.

Duk wanda ya zauna a ƙasar Tangale da Waja, ko Langtang, ko Karim Lamido, ya san ta. Ƙarama ce, galibi ba ta wuce santimita 60 ba, launinta launin ƙasa da busasshiyar ciyawa, da ɗigo-ɗigo a gadon baya. Tana son wuri mai duwatsu da tsakuwa, wato daidai irin wurin da masu hawan dutse ke nema. Da rana tana ƙarƙashin dutse ko kututture ko tarin kara, in rana ta yi sanyi sai ta fito farauta. Idan ta ji an matso, takan naɗe jiki ta riƙa goga ɓawonta, yana ba da wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Manomi ya san wannan sauti, da ya ji zai ja baya. Wanda ya toshe kunnuwansa da waƙa, ko ya rataya lasifika a jaka tana ta kiɗa, ba zai ji komai ba. Kuma ba ta da haƙuri, saranta kamar ƙiftawar ido ne.

Muguntar kububuwa ita ce ba ta nuna kanta da wuri. Mutum zai ji zafi, wurin ya ɗan kumbura, amma yana tafiya da ƙafarsa, yana magana, har yana raha. Abokai su ce ai da sauƙi. Alhali dafin ya shiga yana cinye sinadaran da ke sa jini ya daskare. Bayan wasu sa'o'i, ko kwana ɗaya, ko biyu, sai a ga dasashi yana tsattsafo da jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya yi ja, wurin da aka yi allura ya ƙi tsayawa. Wanda ya fi tsorata mu shi ne wanda ba a gani, jinin da ke zuba cikin ciki ko cikin kai. Na sha karɓar saurayi majiyi ƙarfi da 'yan uwansa suka kawo a rana ta uku suna cewa, "Malam, abin ƙasa ne ya taɓa shi shekaranjiya, amma ai ya warke, yau ne kawai ya ce kansa na ciwo." Ciwon kan nan shi ne muke gudu. Wasu mun samu ceto su da ikon Allah, wasu kuwa an riga an makara.

Gwajin da muke yi ba wani abin wahala ba ne. Mukan ɗebi jini kaɗan mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye, ba mai taɓawa har minti 20. In lokaci ya cika sai a karkata kwalbar. Jinin lafiyayye zai daskare ya tsaya. In ya kwararo kamar ruwa, mun san dafi yana aiki, sai allurar kashe dafi. Bayan awa shida a sake gwadawa, in bai daskare ba a ƙara. Na kawo wannan ne don matasa su gane cewa ba a gane lafiyar wanda kububuwa ta sara da ido, kuma shi kansa bai isa ya ce ya ji sauƙi ba. Kwalbar nan ce ke faɗa.

Sauran biyun da ya kamata a sani su ne kasa da gamsheƙa. Kasa gajera ce mai kauri, kuma ba ta gudu. Tana kwance a kan turba ko cikin ganye, ta dogara da cewa ba za a gan ta ba, har sai an taka ta. Dafinta ruɓar da nama yake, ƙafa ta kumbura har cinya, wani lokaci sai an yanke. Ita kuwa baƙar gamsheƙa mai tofi, tana iya watsa dafi daga nisan mita biyu, kuma ido take nema. Wanda ta tofa wa, a kwantar da shi a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai yawa, kada ya murza, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya daina jin raɗaɗi. Ruwan gorar da kuka ɗauko don sha, a ƙarar da shi a idon, ƙishirwa ta jira.

Kariya daga duk waɗannan ba ta da tsada. Yawancin saran da na gani daga gwiwa ne zuwa ƙasa, sai hannu. Takalmi mai rufe idon sawu, safa mai kauri, dogon wando mai ɗan nauyi da bai ɗame jiki ba, sun isa su tare da yawa. In ciyawa ta yi tsawo, takalmin roba irin na masu aikin fadama ya fi kambas mai tsada amfani. A riƙe sanda, a riƙa bugun ciyawa kafin a taka. Idan an iske gungume ko babban dutse a hanya, a hau kansa a leƙa ɗaya gefen tukuna, kada a tsallaka a dira inda ido bai gani ba. Hannu kuma kada ya shiga inda ido bai riga shi shiga ba, ko rami ne, ko suri, ko kogon itace, ko tsagar dutse. Masu kwana a daji su kakkaɓe takalmi da safe saboda maciji da kunama, kada kuma kowa ya zaga bayan dutse da dare babu tocila. Sannan a lissafa lokacin saukowa. Na lura ƙungiyoyin nan suna son su tsaya a kan dutse har faɗuwar rana don hoto, su gangaro da magariba. Wannan shi ne lokacin fitar kububuwa, ga gajiya, ga duhu, ga kowa na sauri. Haka nan watannin da daji ya fi kyau a hoto, daga faɗuwar ruwa zuwa kaka, su ne watannin da gadajenmu ke cika.

Yanzu in ƙaddara ta afka, me za a yi? A nan ne na fi son a saurare ni, don na ga mutanen da taimakon 'yan uwa ya yi musu ɓarnar da ta fi ta macijin.

A janye mutum daga wurin, a zaunar da shi, a kwantar masa da hankali. A cire zobe da agogo da warwaro da takalmi tun kafin kumburi ya kama su. A sa wa ƙafar ko hannun karan ɗori, a naɗe sako-sako don kada gaɓar ta riƙa motsi, domin motsin tsoka ne ke tura dafi cikin jiki. Kada ya yi gudu, in da hali ma kada ya taka. Ku ɗauke shi, ai don irin wannan rana ake tafiya da yawa. Sanduna biyu da riguna ko bargo sun isa a yi makara ta ɗaukar majinyaci. Wani ya duba agogo ya riƙe lokacin da abin ya faru. In yana amai, a kwantar da shi ta gefe. In zafi ya dame shi, farasitamol kawai. Asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda kowa ke yawo da su a jaka saboda ciwon jiki, ƙara tsinka jini suke yi, ga wanda kububuwa ta sara kuwa wannan babban haɗari ne. Daga nan sai asibiti kai tsaye, ba tsayawa ko'ina.

Kada a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko robar keke. Na kwance irin wannan ɗauri a ƙafar da ta riga ta yi baƙi ta yi sanyi, dafi bai kashe ta ba, ɗaurin ya kashe ta. Kada a tsaga da reza. Ka tuna mutumin nan jininsa ba ya daskarewa, kai kuma ka buɗe masa ƙofofi biyar. Kada a tsotsa da baki. Baƙin dutsen da ake mannawa a kan sara, manne wa miki kawai yake yi, ba ya zuƙo dafin da ya riga ya shige. Kada kuma samari su bazu cikin ciyawa neman macijin don su kashe. Sau da yawa haka ake kawo mana mutum biyu maimakon ɗaya, kuma kan macijin da aka sare yana iya sara bayan an tabbatar ya mutu. In an samu ɗaukar hotonsa daga nesa, to, in ba a samu ba, alamomin jiki da gwajin jini sun ishe mu.

Na san za a ce ai masu maganin gargajiya suna warkarwa, kowa ya san wanda aka ba sassaƙe ya tashi. Ba na zagin kowa, wasunsu iyayenmu ne, kuma a ƙauyen da ba asibiti su ne ke kusa. Amma ga abin da ke faruwa. Macizai da yawa ba su da dafin kisa. Mai dafin ma ba kullum yake zubawa ba, wani saran busasshe ne. Ita kanta kububuwa, bincike ya nuna cikin mutum 100 da ta sara ba a yi musu allura ba, tsakanin 10 zuwa 20 ne ke mutuwa. Ke nan mafi yawa za su tashi ko an ba su sassaƙe ko ba a ba su ba, kuma su ne za su yi ta ba da labari a kasuwa. Waɗanda suka rasu ba su da bakin ba da nasu. Da allurar da ta dace, a kan lokaci, wannan adadi yakan faɗo ƙasa ƙwarai. Addu'a kuwa a yi ta, a cikin mota, ana kan hanyar asibiti.

Na ce allurar da ta dace, don ba kowace ba ce. Ana haɗa maganin ne daga jinin doki ko tunkiya da aka saba wa jikinsu da dafin wasu macizai na musamman, saboda haka wanda aka yi da dafin macizan Indiya ba lalle ya yi aiki a kan kububuwarmu ba. An ga haka a wani asibiti a tsakiyar Ghana, inda aka canza magani zuwa irin wannan, mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 zuwa kashi 12. Waɗanda aka yi domin macizanmu, EchiTAb-G da aka haɗa a Birtaniya da EchiTAb-Plus da ake haɗawa a Kosta Rika, da dafin macizan Najeriya aka yi su, kuma a Kaltungo aka gwada su. Ilimin wannan ciwo ma a ƙasarmu aka gina babban ɓangarensa, tun aikin da Farfesa David Warrell ya yi a Zariya a shekarun 1970, har zuwa na Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero. Duk da haka ba kowane asibiti ne ke ajiye allurar ba. Wuraren da aka sani da wannan aiki su ne Kaltungo a Gombe, Zamko a Filato, da Bambur a Taraba. Don haka shugaban kowace ƙungiya, kafin ya sanar da ranar fita, ya san asibiti mafi kusa da ke da allurar a hannu a wannan makon, ya san awa nawa ce tafiyar, ya kuma bar mota ɗaya da direba a gindin dutse. In ya iya tara kuɗin riguna masu tambarin ƙungiya, zai iya wannan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a kowace shekara, kuma waɗanda yake bari da nakasa sun ninka haka kusan sau uku. Sai a 2017 ta sanya shi cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su. Dalilin sakacin a bayyane yake: manomi da makiyayi da mai ɗibar itace yake kashewa, mutanen da ba sa shiga jarida. Ina fata 'yan bokon da yanzu suke taka ƙasar da waɗannan bayin Allah ke takawa kullum ba takalmi, za su ɗaga murya a kai tun kafin abin ya taɓa nasu.

Bayan maciji, abin da na fi ganin ya kawo mutane daga kan dutse shi ne zuma. Tana yin gida a kogunan duwatsu da na kuka, kuma hayaƙi da hayaniya da turare mai ƙarfi suna tayar da ita. In ta taso, a rufe fuska da riga a gudu a miƙe, a yi nisa sosai, ba tsayawa kaɗe-kaɗe. Faɗawa ruwa ba ya fisshe ka, za ta jira ka ɗago. A kan dutse kuwa haɗarin biyu ne, don wanda ya ruɗe yana iya faɗowa. Duk wanda aka ga leɓensa ko fuskarsa na kumbura, ko numfashi na yi masa wuya, ko da ƙwaya ɗaya ce ta harbe shi, a garzaya da shi.

Masu zuwa bakin ruwa, a Dadin Kowa ko Kiri ko Yawuri, su ji tsoron dorina. Ganin ta jibgegiya kada ya ruɗe ku, a tudu tana gudun da mutum ba zai tsere mata ba. Da dare take fitowa kiwo, ta koma ruwa da sassafe ta hanyar da ta saba bi. Wanda ya tsaya tsakaninta da ruwa, ko ya kafa tanti a kan turbarta, shi ya jawo. Inda aka ce akwai kada, a ɗebi ruwa a ja baya a yi alwala a tudu, kada a tsuguna a gaɓa da magariba. Masunta sun san duk waɗannan wurare, tambaya kawai suke jira.

Yankari kuma, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, gidan giwa ne da ɓauna, mu baƙi ne. Ba a shiga dajin sai da ɗan rakiya, kuma in ya ce a zauna cikin mota, a zauna. Giwar da ta baza kunnuwa tana girgiza kai ta gama yi maka magana, balle mai ɗa. Birai na sansanin Wikki sun saba da mutane har ba sa jin tsoro. In gwaggon biri ya fizge maka leda, bar masa, haƙoransa sun fi na kare. Cizon biri ko na karen ƙauye, ko yaƙushi ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a je a karɓi allurar ciwon haukan kare a ranar, domin wannan ciwo in ya bayyana ba a tashi.

Akwai kuma halin da nake gani a matasa wanda ya fi rashin takalmi damuna. Ba wanda yake so a ce shi ne matsoraci, musamman in da 'yan mata a tafiyar. Yaro zai ji abu ya soke shi a ƙafa cikin ciyawa, ya yi shiru, kada a ce ya ɓata wa mutane tafiya. Wata za ta ga an yi yamma, tana son ta ce a sauka, ta haɗiye. Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Duk wanda ya ji suka bai ga abin da ya soke shi ba, ya faɗa nan take, a ɗauka sara ne har sai asibiti ta ce ba shi ba ne, kuma ya yarda a riƙe shi awa 24 ana duba shi. A kuma nemi ɗan gari ya yi jagora, a gaishe da mai unguwa kafin a hau, a biya mafarauci ko makiyayi haƙƙinsa. Yaron da ke kiwon awaki a gindin dutsen ya san kogon da ke da zuma da gefen da kububuwa ta fi yawa, abin da taswirar waya ba ta sani ba.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne ka tura wakilanka na jihohi su bi manyan asibitoci su tambaya: kuna da allurar saran maciji yau? Wace iri ce? Nawa ake biya, ko kyauta ce? Ku buga amsar jiha-jiha da sunan gari, kafin a shiga girbi, ku kuma sake bugawa ranar 19 ga Satumba da aka keɓe don wayar da kai a kan saran maciji. Masu hawan dutse za su adana a wayoyinsu, gidajen rediyo kuma su karanta wa manoma.

Na gode da wannan fili. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu a gida da daji.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya,
Gombe.